Garin da Na Kankare da Reza

Ramin bai wuce farcen ɗan yatsa ba, amma ranar da na leƙa shi na hango ƙasa mai duwatsu da koguna, kuma iskar da ta fito daga cikinsa ƙamshin turaren wutan ƙanwata ta kawo mini, alhali ƙanwar tawa ta shekara huɗu da rasuwa. Ni na haƙa ramin da hannuna, da sabuwar reza, saboda haka kada kowa ya fara jin tausayina tun yanzu.

Sunana Haladu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina zanen taswira a ofishin safiyo, kafin a sallame ni da agogon bango da takardar yabo. Abokina Tanimu, wanda muka tashi tare kuma ya auri ƙanwata Uwani, shi ya kawo mana wani wasa cikin kwali daga wata tafiya da ya yi. Wasan Ƙurmada ake ce masa. Mutum ɗaya ne yake ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, in an zo faɗa ko tsallake rami sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin. Ba caca ba ce, ko goro ba a sawa. Mu shida, duk da furfurarmu, kowace Asabar bayan la'asar muna kan tabarma a zauren Tanimu muna kashe dodanni, matanmu suna cewa tsufa ya zo mana da wauta.

Littafin da ke cikin kwalin shafi biyu kacal ya ba tarihin ƙasar Ƙurmada. Ragowar tarihin kuwa masoya wasan ne suka cike, daga garuruwa daban-daban, a wani zaure da muke haɗuwa ta waya. Ni kuwa na zana taswirar tarihin, guda bakwai, kowane zamani da tasa, a kan farar takarda shara-shara. In ka ɗora su bisa juna sai ka ga yadda dauloli suka tashi, suka kumbura, suka faɗi. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa kirana Sarkin Alƙalami, kaina kuwa ya ɗauka da gaske.

Muna da ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani. Kowane ɗan wasa yana da damar kafa gari guda, kuma garin da ya hau taswira ba a kankare shi har abada. In yaƙi ko annoba ta cinye shi, sai a sa ɗigo uku a wurin, alamar kufai, don a san an taɓa yin mutane a nan.

Bayan rasuwar Uwani, Tanimu ya kafa nasa garin ya sa masa Tudun Uwani. Garin masu haɗa turaren wuta ne, kowace ƙofa da randar ruwan sanyi saboda baƙo, sarauniyarsu kuma mai wushirya ce. Duk Asabar sai ya ƙara wani abu, yau rijiya, gobe bishiyar lalle. A nan ya ajiye matarsa, kowa ya gane.

Ranar da abin ya lalace, na shimfiɗa taswirorin a zauren ana yaba mini, sai Tanimu ya sa yatsa a kan wani kogi ya ce, "Yaya Haladu, wannan kogi naka na Jan Ruwa, yaya aka yi ya taso daga kwari ya haye tsauni? Ko injin ban ruwa ka sa masa?"

Aka bushe da dariya. Kafin magariba magana ta kai zauren waya, har wani mara kunya ya laƙaba wa kogin suna, wai kogin Haladu mai hawa bene. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya Tanimu ya faɗa. Ranar Laraba na sayi reza. Ban sa ɗigo uku ba. Takarda bakwai na bi ɗaya bayan ɗaya, tun daga zamanin farko, na kankare Tudun Uwani tas kamar ba a taɓa yin sa ba, na tara ɓurɓushin tawadar, na hure shi daga kan tebur.

Ranar Alhamis Tanimu ya faɗi a bakin rijiyar gidansa, ɓarin jikinsa ya shanye. Na aika da gaisuwa da ledar lemo, ban je ba.

Kwana tara bayan nan 'yarsu Barira ta zo. Matar aure ce da 'ya'yanta, amma ta tsaya a ƙofar ɗakin zanena tana murza gefen mayafi kamar yarinya.

"Kawu, Baba bai san Inna ba."

"Kamar yaya bai san ta ba?"

"Ya san ni, ya san maƙwabta, har sunanka ya kira. Na nuna masa hotonta, ya ce wace ce wannan baiwar Allah. Likita ya ce ciwon yana yin haka. Amma Kawu, kullum sai ya riƙa laluben gefen katifa yana kuka, ya ce ya ajiye wani abu ya manta ko mene ne."

Na ce Allah Ya ba shi lafiya. Ta dube ni tana jiran in ce mu tafi, ban ce ba, ta juya.

Ana sallame azahar na jera takardun bakwai bisa juna, na ɗauki alƙalami zan mayar da garin. Duk mai zane ya san takardar da aka kankare ba ta riƙe tawada, ni ma na sani, na yi kamar ban sani ba. Tawadar ta baje. Na danna, bakin alƙalamin ya huda takarda bakwai gaba ɗaya. Ƙamshin nan ya taso, na sunkuya na leƙa, sai wani abu mai sanyi ya naɗe mini wuya ya fizge ni ciki.

Na faɗo a kan yashi fari fat. A gabana ga wata macijiya da ba a ganin ƙarshenta, jikinta gaɓa-gaɓa, baƙi da fari. Ta ɗago kai ta ce:

"Ya kai ma'abocin alƙalami, marhabin da wanda ba a yi murna da zuwansa ba. Ni ce Ma'auniya, wadda ka shimfiɗa a gindin kowace taswira ka ce kowace gaɓa tawa tafiyar yini guda ce. An aiko ni in kai ka wurin da ka ɓata. Hau, kuma ka riƙe harshenka, domin a ƙasar nan duk abin da ka zana yana da bakin magana."

Na hau. Ta motsa gaɓa ɗaya, muka ci tafiyar yini. Muka wuce ganuwa mai giɓi-giɓi wadda na gane layin iyaka ne da na yi da guntayen zane, dakaru suna tsaye a kowane giɓi suna zagin wanda ya gina ta haka. Ta motsa gaɓa ta biyu, sai ga mu a gindin tsauni, inda na ga abin da har yau yake hana ni sakewa.

Aljanu ne dubbai a jere, tun daga kwari har ƙololuwa, kowanne da tulu a ka. Su ɗebi kogin Jan Ruwa a ƙasa, su hau da shi, su juye a sama, su sauko. Kawunansu sun zama sanƙo saboda dako, wuyansu ya nutse cikin kafaɗa. Wani tsoho a cikinsu, mai gemu har gwiwa, ya tare mu.

"Ni ne Magajin Kogi. Zamani bakwai muna ɗaukar ruwan nan zuwa inda ruwa ba ya zuwa, domin haka aka zana, kuma abin da aka zana dole ya tabbata. Ya kai bil'adama, wa ya ɗora mana wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, alƙalami ne ya zame."

Bai yi musu ba. Ya sa aka aza mini tulu, aka sa ni a layi. Na yi taku ɗari ya sake tambaya, na ce ranar babu isasshen haske a ɗakin. Nan take tulun ya ninka nauyi. Ya ƙara tambaya, na ce littafin wasan ne bai fayyace ba, tulun ya sake ninkawa har na ji ƙashin bayana yana ƙara. Kun ga irin halina, da wuyana zai iya da na kai ƙololuwa ina ƙirƙiro dalilai. Sai da gwiwata ta bugi dutse, jini ya zubo, sannan na ce, "Ni ne."

"Ba mu ji ba."

"Ni ne! Kuskurena ne, an gaya mini kuma na ƙi ji!"

Tsaunin ya yi gurnani. Kogin ya juya da kansa ya gangaro, aljanun suka sauke tuluna suka zauna a ƙasa suna shafa kawunansu. Ba wanda ya gode mini. Magajin Kogi ya ce, "Kalma biyu ce. Da ka faɗe ta a zauren abokinka, da ba ka zo nan ba. Wuce."

Muka ci gaba. Muka tsallake wani kwazazzabo madaidaici da ya raba ƙasar biyu, wanda ba komai ba ne illa inda na taɓa ninke takarda. Muka iso Tekun Shayi, wani ruwa ja mai zagaye kamar zobe, yana tururi, inda na taɓa ajiye kofi a kan taswirar zamani na huɗu, na ji kunyar faɗa, na ba shi suna na ce teku ne. A bakinsa kiyashi ne manya kamar raƙuma suna lasar zaƙi. Da suka ji ƙamshin mutum suka taso mana. Ma'auniya ta miƙe ta zama gada, ta ce in gudu a kanta kada in taka farar gaɓa. Na riƙa tsalle daga baƙi zuwa baƙi, ni da ko matakalar masallaci sai na dafa bango, tururi yana dafa mini ƙafafu, har na faɗa ɗaya gaɓar tekun ba takalmi ba hula.

Daga nan ƙasa ta fara ƙarewa. Bishiyoyi suka zama zane, zanen ya zama fari, sai ga mu a Gefen Takarda, inda in ka leƙa ba ka ganin komai sai duhu. A bakin gefen nan wani baƙin ɓurɓushi ya maƙale, yana motsi, yana wani siririn kuka kamar na sauro.

Ma'auniya ta ce, "Ga mutanen Tudun Uwani. Wata guguwa ce ta taso daga sama ta watso su nan, ka fi kowa sanin bakin da ta fito. Ba za su tashi ba sai an kira su da abin da aka san su da shi. Shekara huɗu mai garin yana ba da labarinsu a gabanka. Kira su."

Na buɗe baki, sai na tarar ba ni da komai. Shekara huɗu ina zaune a tabarmar nan, amma duk sanda Tanimu yake magana ni jira nake ya gama a dawo kan taswirata. Na ce randa, randuna suka tashi babu masu su. Na ce lalle, bishiya ɗaya ta tsaya ita kaɗai. Iska kuwa tana ta zaftare ɓurɓushin tana zubawa cikin duhu, kaɗan-kaɗan.

Da na rasa abin Tanimu, sai na koma nawa. Na ce, "Akwai wadda ke da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Tana da shekara biyar na ture ta ta faɗa kan murhu, saboda ta taɓa mini fensir. Da Innarmu ta tambaya, sai ta ce ita ta zame."

Ɓurɓushin ya tattaru ya miƙe. Mace ce tsaye da mayafi ruwan ƙasa, da wushiryarta, da tabonta. Na matsa kusa da ita. Na ce, "Uwani."

Ta ce, "Ya kai ɗan'uwan wadda ake ƙauna, kada ka ruɗe. 'Yar'uwarka tana inda Ubangijinta Ya kai ta, ba ruwanta da takardunka. Ni abin da mijinta ya riƙe ne, muryarta da tafiyarta da yadda take rufe baki in za ta yi dariya. Ya kawo ni nan ne don ya ga ƙwaƙwalwarsa tana tsufa, ya ɗauka takardar amininsa ta fi kansa aminci."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta juya ta riƙa kiran mutanenta ɗaya bayan ɗaya, mai daka itacen sandal, mai jiƙa hawi na haɗin turare, makaho mai gadin rijiya, kowa yana tashi yana kakkaɓe jiki. Suka ɗauki randunansu suka bi mu, har muka isa inda garin yake a da. Babu komai a wurin sai rami mai faɗin gari guda, iska tana busawa ta cikinsa.

A bakin ramin wani aljani yana zaune a kan kujerar ƙarfe, da fuska huɗu, kowace tana duban kusurwa ɗaya ta duniya, da mashi a tsaye bisa kansa yana nuna arewa. Na gane shi. Tauraron nan ne da nake ƙawata saman kowace taswira da shi. Ma'auniya ta sunkuyar da kai ta ce, "Alƙalin Kusurwa Huɗu ke nan. Yi gaisuwa."

Na durƙusa. Fuskar gabas ta ce, "Ya kai mai reza, ka zo da mutane, ina ƙasar da za su zauna?"

"Allah Ya ja zamaninka, a ba ni alƙalami in sake zanawa."

Fuskar yamma ta ce, "A kan me? Ka cinye takardar. Rami ba ya karɓar tawada, sai faci."

Fuskar kudu ta ce, "Kuma ba a yi wa ƙasar nan faci da takarda. Sai da wuri na gaske daga duniyarka, wanda ƙafarka ta taka sau dubu. Wurin zai zauna daram ga kowa, kai kaɗai za a yanke wa shi. Ba za ka ƙara ganinsa ba, ba za ka ƙara taka shi ba."

Fuskar arewa ta ce, "Mun duba tafin ƙafarka. Ban da ɗakin Allah, wanda ba mu da iko da shi, wuri uku muka samu. Ɗakin mahaifiyarka. Ɗakin zanenka. Da wani lungu. Zaɓi."

Ɗakin Inna yana nan a gidanmu na gado, in raina ya ɓaci can nake zuwa in zauna. Ɗakin zane kuwa, ina Sarkin Alƙalami in babu teburinsa? Lungun na san shi sarai. Tsakanin shagon tela da katangar masallaci yake, taku goma sha biyu, da kwata a tsakiya, shi ne yake kaiwa ƙofar gidan Tanimu. A ofishinmu lungu irin wannan ko zana shi ba ma yi, bai kai faɗin da ake sawa a taswira ba. Na yi lissafina irin na masu safiyo, na ga shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, har na ji daɗin wayona.

Na ce, "Na ba da lungun."

Sarauniyar garin, mai kamar ƙanwata, ta ɗaga hannu. "Ya kai ɗan'uwa, ka tuna inda lungun yake kaiwa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni na auna unguwar nan gida-gida. Mai taswira ba ya rasa hanya. In babu lungu akwai bayan gida, akwai soron maƙwabci."

Ta ja gefen mayafi ta rufe baki, amma ba dariya take ba. Alƙalin ya tambaye ni sau uku, kowace fuska da muryarta, sau uku ina cewa na ba da. Ta huɗun ba ta tambaya ba, mashin kawai ta sauke. Na ji an yanki wani abu a tafin ƙafata, ba zafi. Lungun ya sauko daga sama da kwatarsa da komai, ya shimfiɗu a kan ramin, ya yi ta faɗaɗa har ya rufe shi. Gidaje suka tsiro a gefensa, hayaƙin turare ya tashi, mutanen suka shiga da randunansu ba wanda ya waiwayo. Ma'auniya ta naɗe ni ta ce, "Na auna ƙasashe da yawa, ya kai bil'adama, ban taɓa ganin wanda ya auna abu daidai ya kuma yi kuskure irin naka ba." Ta wurga ni sama.

Na farfaɗo a kan teburina ana kiran la'asar, gwiwata tana jini, babu hula babu takalmi. Takardun bakwai lafiya lau, Tudun Uwani yana kan kowace, kogin Jan Ruwa yana gangarowa yadda ruwa yake yi. Wayata tana ta ruri. Barira ce, tana kuka tana dariya.

"Kawu! Baba ya tuna! Ya ce a ba shi hoton, ya rungume, yana ta ba mu labarin ranar da aka kawo ta. Kawu, ya ce ka zo. Ya ce a shimfiɗa tabarma a zaure."

Na zura wasu takalman na fita har da gudu-gudu. A hanya na shirya kalmomina, biyu ne, na riga na koye su a gindin tsauni. Na iso shagon tela, na ga katangar masallaci, sai na tarar sun haɗe da juna, bango ɗaya sumul, ko tsagar da allura za ta shiga babu. Ina tsaye wata mata da tulu ta zo ta shige cikin bangon, wani mai keke ya fito daga cikinsa ya yi mini sallama.

Na ce ba komai. Na zaga ta baya, na ƙirga gidaje, gidan Malam Zubairu sai gidan masu wanki, babu komai a tsakani. Na roƙi Malam Zubairu na hau soronsa, na leƙa inda tsakar gidan Tanimu take, sai na ga tsakar gidan masu wanki da shanyarsu. Na ɗauko tsohuwar taswirar unguwar da na zana da hannuna, gidan yana nan, lamba goma sha bakwai. Na bi ta da tef ɗin awo, na auna daga kowace kusurwa, yara suna bina suna kallo. A lissafina na san lungun ne ƙarami, ban lissafa cewa gidan ƙofa ɗaya gare shi ba, kuma duk wata hanya da na sani a bakin ƙofar nan take ƙarewa.

Kashegari Barira ta fito ta same ni a wurin. Na ce ta riƙe hannuna ta ja ni. Ta ja, goshina ya bugi bango har na ga taurari. Ita kuwa abin da ta gani daban ne.

"Kawu, ka zo bakin lungu ka toge kamar an kafa ka. Me Baba ya yi maka haka? A kan zanen kogi?"

Na gaya mata komai, macijiyar, da tulun, da alƙali mai fuska huɗu. Ta saurara har na gama, ta ce, "Wannan labarin ku na ranar Asabar ne, Kawu. Ni ba 'yar wasanku ba ce."

"To ku fito mini da shi nan, ko a kujera."

"Mutumin da ba ya iya juyawa sai an juya shi, shi za a cicciɓo a kawo maka bakin titi, don kada a ce kai ka fara zuwa? Kawu, ka ji tsoron Allah."

Na kira shi a waya, ta kara masa a kunne. Na faɗi kalmomina biyu, na ƙara da wasu. Harshensa ya yi nauyi, da ƙyar na gane abin da yake cewa. "Yaya... ba a waya ba. Zo. Akwai... labarin Uwani... da ban gaya maka ba."

Kwana arba'in da shida ina zuwa. In tsaya a jikin bangon daga hantsi, tela ya ba ni benci, daga baya ya daina ba ni. Unguwa ta gama yanke mini hukunci, ga dattijon da ya zo har bakin ƙofa kullum amma girman kai ya hana shi shiga. Abokan wasanmu huɗu suka daina amsa sallamata. Ban ga laifinsu ba, domin hukuncin daidai ne, kwanan wata kawai suka kuskure. Ranar Asabar nakan kara kunne a bangon, in ji ƙarar ƙwayar nan mai fuska ashirin tana gangarawa a kan tabarma, in ji wata murya mai nauyi tana tambaya ko na iso.

A rana ta arba'in da bakwai, da hantsi, na ga Tanimu. Bangon ne ya fara fitar da mutane, biyu-biyu, sannan makara ta fito a kafaɗunsu. Na kutsa na sa kafaɗata, wani ya so ya ture ni, Malam Zubairu ya ce a bar shi. Bai da nauyi ko kaɗan. Na yi masa magana a hanya har maƙabarta, a hankali, ban sani ba ko ana jin irin wannan.

Zaman makoki a zaurensa aka yi, saboda haka ban je ba, wannan ma an rubuta mini shi cikin laifina. Bayan bakwai Barira ta zo gidana, ba ta zauna ba. Ta ajiye ƙwayar wasan a kan teburina.

"Ya ce a ba ka. Ya ce a gaya maka shi tun ranar da ya yi maganar kogin ya so ya ba ka haƙuri, bai kamata ya faɗa a gaban mutane ba. Kullum sai ya sa an ɗaga shi an fuskantar da shi ƙofa."

"Labarin da ya ce zai ba ni fa, na Uwani?"

"Na tambaye shi. Ya ce na yayanta ne, sai ka zo."

Har yanzu mutanen zauren waya suna yaba taswirorin, sun ce ba a taɓa zana gari mai rai kamar Tudun Uwani ba. Ni na daina zane. Ɗakin yana nan, teburin yana nan, ɗakin Inna ma yana nan, duk abin da na hana na tsira da shi. Wani lokaci nakan ɗauki gilashin ƙara girma in duba tsakiyar garin. Lungun yana nan da kwatarsa, a ƙarshensa ƙofa a buɗe, ana hango gefen tabarma. Na sa rula na auna, na duba da ma'aunin da ke gindin takardar. Taku goma sha biyu ne.